Tauraruwa na cika fili, benci na ɗaukar kofi: ƙwallon kwandon 'yan matan jami'o'in Amurka

Daren Lahadi 7 ga Afrilun 2024, muna cikin kwanakin ƙarshe na azumi, an sha ruwa jiki ya mutu, ni kuwa na ƙi tashi daga kan tabarma saboda wani wasa da ake yi a Cleveland ta jihar Ohio. Ƙarfe uku na rana ne a wurinsu, mu takwas na dare. 'Yan matan jami'ar Iowa ne da na jami'ar Carolina ta Kudu a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka. A waya nake kallo, data na tafiya kamar an buɗe famfo, amma ban iya kashewa ba.

Kafin Carolina ta farga, Iowa ta ci maki goma ba ko ɗaya. Caitlin Clark, wadda duniya ta taru dominta, ita kaɗai ta zuba maki 18 a minti goman farko. Wanda bai san Dawn Staley ba zai ce wasa ya ƙare. Ita kuwa kocin ta Carolina ko gezau, sai ta fara waiwayar benci. Ta cire wannan ta sa waccan, duk wadda ta shigo kamar ba canji aka yi ba. Wata 'yar aji ɗaya, Tessa Johnson, ta taso daga benci ta ci maki 19. Kamilla Cardoso 'yar Barazil, mai tsayin mita biyu da 'yar ɗoriya, ta kafa sansani a ƙarƙashin kwando, ƙwallo na bugun baki ta dawo sai ka gan ta a hannunta, har sau 17. Aka tashi 87 da 75. 'Yan bencin Carolina sun ci maki 37 a daren. 'Yan bencin Iowa ba su ci ko ɗaya ba.

Mutum kusan miliyan 19 ne suka kalli wannan wasa a Amurka. Washegari maza suka yi nasu wasan ƙarshen, Connecticut da Purdue, masu kallo miliyan 14.8. Ba a taɓa yin haka ba tun da ake gasar: mata sun fi maza jan 'yan kallo.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, sai an ɗan yi masa shimfiɗa. A wurinmu jami'a wurin karatu ce, wasanni kuma abin da ake yi da yamma a filin da ciyawa ta cinye. A Amurka jami'a kulob ce mai zaman kanta, tana da filinta mai cin mutum dubu goma sha, da kocinta mai albashin miliyoyin daloli, da magoya bayan da suka gaji son ƙungiyar daga kakanni. Hukumar da ke kula da su ita ce NCAA. Ana fara kaka a Nuwamba, kowace jami'a ta fafata a rukuninta, sai a watan Maris a zaɓo gwanaye (68 ne a gasar 2025) a jefa su gasar sili-ɗaya-ƙwale. Aka doke ka sau ɗaya ka tattara kayanka. Ana rarraba su gida huɗu, kowane gida a jera su daga ta 1 zuwa ta 16 bisa ƙarfinsu, har a tace huɗun ƙarshe da za su haɗu a gari ɗaya a farkon Afrilu.

Amsar da kowa ke bayarwa in an tambayi dalilin wannan farin jini ita ce Caitlin Clark. Ba ƙarya suka yi ba, kuma ba ni da niyyar rage mata komai. Yarinyar tana jefa ƙwallo daga kusa da tsakiyar fili, inda in wata ce ta gwada koci zai zaunar da ita, kuma ta shiga. A Fabrairun 2024 ta wuce Kelsey Plum ta zama macen da ta fi kowa maki a tarihin NCAA, a wasan da ta ci 49 ita kaɗai. A farkon Maris ta wuce Pete Maravich, wanda ya riƙe tarihin maza tun 1970 da maki 3,667. Ta bar jami'a da 3,951. Kafin nan, a Oktoban 2023, Iowa ta shimfiɗa katakon wasa a tsakiyar babban filinta na waje, mutum 55,646 suka zo kallon wasan sada zumunta kawai. Duk garin da Iowa ta je tikiti sai ya ƙare. Staley da kanta, tana riƙe da kofi a daren Cleveland, sai da ta tsaya ta gode wa Clark saboda ɗaga darajar wasan da ta yi.

Amma in Clark ce kaɗai, da ta tafi sai kasuwa ta watse. Ba ta watse ba. Wasan ƙarshe na 2025, ba Clark ba abokiyar hamayyarta Angel Reese, kuma wasan da tun kashi na uku cikin huɗu na lokacinsa aka san mai nasara, ya ja mutum kimanin miliyan 8 da rabi. Ya yi ƙasa da rabin na 2024, gaskiya ne, masu cewa guguwa ce ta wuce sun samu abin riƙewa. To sai dai na 2022 bai kai miliyan 5 ba. Ruwa ya janye, amma bai koma inda ya taso ba.

Ni abin da na fahimta shi ne masu saye sun daɗe da akwai, rumfar ce aka kai ƙuryar kasuwa inda sai mai niyya ke zuwa. Dubi jihar Iowa ɗin kanta. Tun 1920 ake gasar 'yan matan sakandare a can, irin wasan da ake yi shida da shida, uku na kai hari uku na tsaro ba wadda ke tsallake layin tsakiya. Ƙauyuka kan rufe shaguna su ɗunguma zuwa Des Moines kallon 'ya'yansu. Sai 1993 aka daina wannan salon. Clark ba a daji ta tsiro ba, a gonar da aka shekara ɗari ana nomawa ta fito.

A matakin ƙasa kuwa komai ya fara ne daga wata doka ta 1972 da suke kira Title IX, jimla guda mai kalmomi 37 wadda ko sunan wasanni ba ta ambata ba. Cewa kawai ta yi duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Da aka zo fassara ta, sai ta zama dole jami'a ta ba 'yan mata gurbin karatu kyauta saboda wasa kamar yadda take ba maza. Lokacin da aka sa mata hannu 'yan matan da ke wasanni a sakandare ba su kai dubu 300 ba, yau sun haura miliyan uku. NCAA ba ta so ba, ta yaƙi dokar iya ƙarfinta, kuma sai 1982 ta fara shirya gasar mata, bayan wata ƙungiya da mata ke jagoranta ta shekara goma tana yi. Pat Summitt ta karɓi horar da Tennessee a 1974 tana da shekara 22, ita ke tuƙa motar ƙungiya, ita ke wanke rigunan 'yan wasa. Ta bar aiki da kofi takwas da nasara 1,098.

Duk da haka rumfar tana ƙurya har zuwa Maris na 2021. Shekarar korona ce, aka killace maza a yankin Indianapolis, mata a San Antonio. Wata 'yar wasan jami'ar Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki waya ta yi gajeren bidiyo: ga ɗakin motsa jikin maza, makeken zaure cike da ƙarafa da na'urori, ga na mata, 'yan ƙananan ƙarafa a jere kan kanta guda da tabarmin motsa jiki a kan tebur. Hukuma ta ce rashin wuri ne. Yarinyar ta juya kyamara ta nuna filin da ke wurin, fayau ba komai. Gani ya kori ji. Cikin kwana ɗaya bidiyon ya zagaya duniya, sai ga sauran abubuwa na fitowa: abinci ba iri ɗaya ba, gwajin korona ma na maza ya fi inganci.

Kunya ta sa NCAA ta ɗauko lauyoyi daga waje su binciki lamarin, rahoton da suka fitar a Agustan shekarar kuwa ya fi bidiyon tona asiri, ko da yake bai kai shi yaɗuwa ba. Ashe sunan nan da ya shahara, March Madness, wato haukan watan Maris, an keɓe wa maza shi, ba a yarda a rubuta shi a filin mata ba. Ashe kuma gasar mata ba a taɓa kai ta kasuwa ita kaɗai ba, an ɗaure ta cikin dami ɗaya da gasanni fiye da ashirin an sayar wa tashar wasanni ta ESPN a kan kusan dala miliyan 34 a shekara, alhali ƙiyasin masu binciken ya ce ita kaɗai za ta iya kawo miliyan 81 zuwa 112. An shekara da shekaru ana cewa wasan mata ba ya kawo kuɗi, kuma ba wanda ya taɓa yi masa ciniki. Daga 2022 aka ba su sunan, aka ƙara yawan ƙungiyoyi daga 64 zuwa 68 daidai da maza. A 2023 aka ɗauke wasan ƙarshe daga tashar da sai mai biyan kuɗin wata ke kamawa, aka kai shi ABC da kowane gida ke samu kyauta, ranar Lahadi da rana. Masu kallo suka tashi daga ƙasa da miliyan 5 zuwa miliyan 9.9 a shekara ɗaya.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ya fi saura nauyi. Yaro namiji in ya gwanance, shekara ɗaya yake yi a jami'a ya wuce NBA, gasar ƙwararru ta maza, domin shekara 19 kawai ake nema. Kafin ka haddace sunansa ya tafi. Gasar ƙwararru ta mata, WNBA, ba ta ɗaukar 'yar Amurka sai ta cika 22 a shekarar da ake zaɓen sababbin 'yan wasa ko ta kammala karatu. Dokar da aka yi don wata manufa daban sai ta zama alheri ga jami'o'i, saboda tauraruwa na zama shekara huɗu a gaban idon jama'a. An ga Clark tana yarinya mai saurin fushi da alƙalan wasa, an ga an fitar da ita a zagaye na biyu a gidansu a 2022, an ga ta dawo. An ga Paige Bueckers ta Connecticut ta zama gwarzuwar ƙasa tun tana aji ɗaya a 2021, jijiyar gwiwarta ta tsinke a Agustan 2022, ta yi kaka guda a zaune cikin kayan gida tana tafa wa wasu, sannan ta dawo ta ɗauki kofi a wasanta na ƙarshe. Ɗan kallo labari yake bi, labari kuwa sai da daɗewa. Duk mai bin wasan kwaikwayo mai dogon zango ya san ba a shaƙuwa da jarumi a fitowa ɗaya.

Sai kuɗin talla. Har zuwa 1 ga Yulin 2021 haramun ne ɗan wasan jami'a ya karɓi ko sisi da sunansa ko hotonsa, jami'a da gidan talabijin ne ke kwashewa. Da aka ɗage wannan, sai ya zama 'yan matan na cikin waɗanda suka fi cin moriya, domin sun fi mazan iya riƙe mabiya a Instagram da TikTok. Kamfani ya biya yarinya ta fito a tallarsa, tallar ta shiga kowane falo, wanda bai taɓa kallon wasa ba ya san fuskarta. Shi ya sa albashin Clark na shekarar farko a WNBA, dala dubu 76 da ɗoriya, ya ba mutane dariya, don ta fi haka samu nesa ba kusa ba tun tana ɗaliba.

Ba zan tsallake ɓangaren da ba shi da daɗi ba. Ana dab da tashi wasan ƙarshe na 2023, LSU ta jihar Louisiana na gaba da tazara, Angel Reese ta bi Clark tana kaɗa tafin hannu a gaban fuskarta, tana nuna yatsan da za a sa wa zoben zakaru. Clark ta yi irin wannan kaɗa hannun kwanaki kaɗan kafin nan, aka yi ta yaba mata da cewa zafin nema ne. Da Reese ta yi, baƙar fata daga Baltimore, sai aka ce rashin tarbiyya. Uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Jill Biden, ta ƙara wa wutar fetur da ta ce a gayyaci Iowa ma fadar White House, abin da ba a saba yi wa wanda ya sha kashi ba. Da suka sake haɗuwa a 2024 mutum miliyan 12.3 suka kalla, kuma ba duka ne ƙwallo ta kawo su ba. Bayan wasan Reese ta faɗa cikin hawaye cewa har barazanar kisa an yi mata. Wani kaso na sababbin 'yan kallon rigimar launin fatar Amurka ce ta jawo su, 'yan matan biyu kuma su suka ɗauki kayan da ba su suka ɗaura ba.

To, su wa ke iya ɗaukar kofin? Nan ne abin ya bambanta da gasar maza, inda kusan kowace shekara wata ƙaramar makaranta ke kayar da babba. A wajen mata gidajen sarautar ba su da yawa. Har zuwa 2025 ba a taɓa samun ƙungiyar da aka jera ƙasa da ta uku a gidanta ta ɗauki kofi ba. Manyan 16 kuma a filinsu suke buga zagaye biyun farko, gaban jama'arsu. Saboda haka da na yi lissafin masu neman kambu a farkon kakar 2025/26, yatsun hannu ɗaya sun kusa isa.

Connecticut, da ake kira UConn, ita ta ɗauki kofin 2025. Kocinsu Geno Auriemma, haifaffen Italiya, yana wurin tun 1985, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Storrs da ba abin da ke kai mutum sai jami'ar. Kofi 12 ya tara. Akwai lokacin da suka yi wasa 111 a jere ba a doke su ba, har mutane suka fara cewa su ne ke kashe armashin gasar. Daga 2016 kuma sai kofin ya ƙi su shekara tara, rauni na bin 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya, aka fara raɗe-raɗin dattijo ya tsufa. A Fabrairun 2025 ya je har gidan Carolina ta Kudu, inda suka yi wasa 71 ba a doke su ba, ya lallasa su 87 da 58. A Afrilu ya maimaita musu a Tampa, 82 da 59. Da tsohuwar zuma ake magani. Bueckers ta tafi Dallas a matsayin ta ɗaya a zaɓen WNBA, amma ta bar mutum biyu da kowane koci zai yi sha'awa. Azzi Fudd, wadda ita ma ta dawo daga tsinkewar jijiyar gwiwa, ita aka ba gwarzuwar huɗun ƙarshe. Sarah Strong kuwa tana aji ɗaya ta ci maki 24 ta cafe ƙwallo 15 a wasan ƙarshe, fuskarta ba yabo ba fallasa kamar mai jiran mota. Gado ta yi: mahaifiyarta Allison Feaster ce ta jagoranci Harvard a 1998 ta kayar da Stanford, karo ɗaya tilo da ta 16 ta doke ta ɗaya a gasar mata.

Wani abu da ya taɓa ni a wannan ƙungiya bai shafi maki ba. Gasar 2025 ta faɗo cikin Ramadan, kuma doguwar 'yar wasansu Jana El Alfy 'yar Masar ce, tana azumi tana wasa, nesa da gida. Bueckers, wadda Kirista ce mai riƙo da addininta, ita ke tashi da asuba ta haɗa mata sahur don kada ta ci ita kaɗai. Duk wanda ya taɓa yin azumi a baƙon wuri ya san abin da wannan ke nufi.

Carolina ta Kudu gidan Dawn Staley ne tun 2008, kofi uku: 2017, 2022, 2024. Ta taso a unguwar talakawa a arewacin Philadelphia, kuma ta san matsayinta na baƙar mace a aikin da fararen fata suka mamaye. Al'ada ce zakaru su yanke ragar kwando su tafi da ita. Carolyn Peck, baƙar mace ta farko da ta ci kofin a matsayin koci, da Purdue a 1999, ta taɓa ba Staley guntun ragarta ta ce ta riƙe har ta samu tata. Da ta samu, sai ta yayyanka ragar 2017 ta aika wa baƙaƙen mata masu horarwa a faɗin ƙasar. Salon wasanta shi ne wanda muka gani a Cleveland, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Bayan Iowa ta fitar da su a 2023, duk biyar ɗin da ke fara wasa suka gama makaranta, aka ce shekarar gini ce, sai ga su sun yi 38 ba faɗuwa. Sai dai wannan salo na da tsada. Yarinyar da za ta zama sarauniya a wata jami'ar ba kullum za ta yarda ta zauna benci ba. MiLaysia Fulwiley, 'yar garin da jami'ar take ce ma, ta tattara ta koma LSU bayan kakar 2025. Staley ta maye gurbin da Ta'Niya Latson daga Florida State, wadda ta fi kowa yawan maki a ƙasar a kakar 2024/25. Abin jira a gani a lokacin shi ne ko wadda ta saba ƙwallo na hannunta kullum za ta iya cin tuwo a kwano ɗaya da mutum tara.

UCLA ta Los Angeles ta shiga kakar da abin da ba a koyarwa, wato tsayi. Lauren Betts mita biyu ce da ɗoriya, ta baro Stanford a 2023, kuma a kanta koci Cori Close ta gina komai. Sun kai huɗun ƙarshe a 2025, karon farko a gasar NCAA, UConn ta yi musu dukan kawo wuƙa 85 da 51. Abin da ya sa na ba su muhimmanci shi ne a kakar 2025/26 manyansu sun dawo suna shekarar ƙarshe, Betts da Kiki Rice da sauransu, an ƙara musu Gianna Kneepkens daga Utah mai iya jifan maki uku, wanda shi ne maganin masu taruwa su danne Betts a ƙarƙashin kwando. Ƙungiyar manya da ta ɗanɗani kunya a bainar jama'a abin tsoro ce. Da an tilasta ni a lokacin in zaɓi wadda za ta iya tare wa UConn hanya, da su zan nuna.

Texas ta Vic Schaefer tsaro ne sana'arta, matsi tun daga layin abokan gaba, ta shiga kakar da Madison Booker da Rori Harmon. Schaefer shi ne ya karya wa UConn jerin 111 ɗin nan a 2017 yana Mississippi State, ya je wasan ƙarshe sau biyu a jere ya dawo hannu rabbana. Matsalarsu ba sa jifan nesa sosai, in aka riga su gaba kamowa na musu wuya. LSU kuma ta Kim Mulkey, mai rigunan ƙyalƙyali da kofi huɗu, ta shiga kakar da masu gudu da cin maki, Flau'jae Johnson da Mikaylah Williams ga Fulwiley. Ko a 2023 ɗin da ake ta maganar Reese, wadda ta karya Iowa a rabin farko na wasan Jasmine Carson ce, daga benci, maki 21 kafin hutun rabin lokaci.

Wadda aka rasa ita ce JuJu Watkins ta USC, wato jami'ar Kudancin California, wadda aka ɗauka ita za ta gaji Clark wajen jan jama'a. Jijiyar gwiwarta ta tsinke a zagaye na biyu na gasar 2025, kuma ta sanar ba za ta buga kakar 2025/26 ba. Ka lura sau nawa na ambaci gwiwa a rubutun nan. Wannan rauni ya fi kama mata fiye da maza, kuma sau da yawa shi ke yanke hukuncin wanda zai ɗauki kofi tun kafin a je Maris.

Yanzu kuɗi ya fara shigowa da gaske, kuma nan ne nake da shakku. A Janairun 2024 ESPN ta sabunta kwantiragi, dala miliyan 920 na shekara takwas, aka ƙiyasta rabon gasar mata a miliyan 65 a shekara. Ci gaba ne, amma an sake ɗaure ta cikin dami, kuma an sa hannu wata uku kafin daren miliyan 19 ɗin. Ta maza tana kawo kusan biliyan ɗaya da miliyan ɗari a shekara. Daga 2025 aka fara biyan rukunonin jami'o'i lada kan kowane wasa da 'yan matansu suka buga a gasar, abin da maza suka daɗe suna samu, an fara da miliyan 15. A Yunin 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi ga kowace jami'a a shekarar farko. Kaso mafi tsoka ƙwallon Amurka ta maza mai kama da zari-ruga ke tafiya da shi, abin da ya rage wa 'yan matan kaɗan ne. Haɗa wannan da 'yancin sauya sheƙa ba tare da zaman jira ba, sai ka ga inda aka dosa: ƙaramar jami'a ta raini yarinya shekara biyu, tana fara haske mai kuɗi ya zo ya ɗauke. Benci mai zurfi da ake cin kofi da shi yanzu saye ake yi.

Mu ma abin bai bar mu a baya ba, ko da ba mu lura ba. D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, da ta kai zagayen kwata fainal a gasar Olamfik ta Faris a 2024, bayan ta doke Ostireliya da Kanada, abin da babu wata ƙungiyar Afirka ta maza ko ta mata da ta taɓa yi, da yawan 'yan wasanta a waɗannan jami'o'in aka ƙera su. Kocinsu a wannan gasa Rena Wakama a Western Carolina ta yi wasa. Amy Okonkwo, gwarzuwar gasar Afirka a 2023 da 2025, daga TCU ta Texas ta fito. Arike Ogunbowale da ta jefa ƙwallon nasara ana busa tashi har sau biyu cikin kwana uku ta ba Notre Dame kofin 2018, mahaifinta ɗan Najeriya ne. Amma waɗannan galibi a can aka haife su. Yarinyar da ta taso daga Legas ko Bamako ko Alƙahira da bizar ɗalibi, dokar shige da fice ba ta ba ta damar yin aikin talla a cikin Amurka kamar abokan wasanta ba. Ɗaki ɗaya suke kwana, atisaye ɗaya suke yi da asuba, ɗaya na sa hannu da kamfanin takalma, ɗayar kuma sai ta jira hutu ta fita daga ƙasar kafin ta tsaya gaban kyamarar mai talla.